Daga Maigatari zuwa bakin teku a Badagiri

Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ta watse, muka loda shanu a tirela muka nufi Ikko. Bayan ciniki ya faɗa a mayankar Agege, kawuna ya ce, "Yaro, ba za ka koma ƙauye ba ka ga ruwan da ba a hango tsallakensa ba." Sai muka hau motar Badagiri, garin da ke daf da iyakar Seme, a kan hanyar Kwatano.

Gari ne na kwakwa da masunta, iskarsa da laima, har riga ke manne wa mutum a jiki. Ta wannan tashar Kilafaton, Baturen Ingila mai yawon binciken ƙasashe, ya sauka a 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa da Nufe ya iso Kano, ya rasu a Sakkwato a 1827. An nuna mana benen da 'yan mishan suka gina a 1845, suna cewa shi ne bene na farko a Najeriya. Na ce a'a, Kano ta daɗe da benayen ƙasa kafin nan.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne gidan Sarki Abbas, wani mai fataucin bayi na zamanin da, wurin da ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ɗakuna ne ƙanana, kowanne da 'yar taga can sama wadda hannu ba ya kaiwa. Mai yi mana bayani ya miƙo mini sarƙar wuya. Sana'ata ɗaure shanu ce, amma ko bijimi mai tunkuyi ban taɓa sa wa ƙarfe mai nauyin wannan ba.

Daga nan muka shiga kwalekwale zuwa tsibirin Geberefu, muka bi hanyar yashi da bayin suka bi. A tsakiya akwai wata rijiya. Mutanen garin sun ce ruwanta ake shayar da su don su manta gida. Ƙarshen hanyar teku ne, yana ta rugugi.

Kawu ya ce, "Cikinsu fa akwai namu, Allah ya jiƙansu." Gaskiyarsa. Ta wannan gaɓar aka kwashi Hausawa da yawa zuwa Bahiya a Barazil. A 1807 suka shirya bore a can, aka tona asirinsu kafin su tashi. A 1835 kuma bayi Musulmi suka fito da makamai a titunan birnin Salbado na Bahiya cikin watan azumi, sanye da fararen riguna, da layu a wuyansu.