Lambar da ake rubutawa a takardar gwajin wayarin

Idan waya mai wuta ta zare ta taɓa jikin firiji, wutar tana neman hanyar komawa tiransifoma ta wayar ƙasa. Turjiyar wannan zagaye gaba ɗaya, daga tiransifoma zuwa soket da komawa, ita ce masu aikin lantarki ke rubutawa da alamar Zs, kuma da om ake auna ta. Idan ta yi yawa, wutar da za ta gudana ba za ta isa ta kashe bireka ba, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, sai ƙarfen firijin ya zauna da wuta har wani ya dafa shi.

Bireka samfurin B mai amfiya 32 tana buƙatar ninki biyar na ƙarfinta, wato amfiya 160, kafin ta faɗi nan take. A kan bolt 230 da muke amfani da shi a Gana, ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, ta ƙayyade kada Zs na irin wannan bireka ya wuce om 1.37, kuma da yake waya tana sanyi lokacin gwaji, akan tsaya a kashi 80 cikin 100, kusan om 1.1. A soket mafi nisa ake aunawa, ba wanda ke gindin akwatin bireka ba.

Sai dai a yawancin gidajen da nake shiga a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, hanyar komawar ta dogara ne ga sandar tagulla da aka kafa a bayan ɗaki, sau da yawa kusa da kwata, maɗaurinta ya yi kore saboda tsatsa. Awon irin wannan yakan kai om gommai, bireka kuwa ba za ta motsa ba, don haka dole a sa na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ƙasa. Ko da ita, idan sandar ta haura om 200 ba abin dogaro ba ce. Ƙasar Kumasi tana da danshi da damina, amma idan hunturu ya busar da ita awon yakan hau, shi ya sa nake ganin lambar da ba kwanan wata a gefenta ba ta da wani amfani.

Dokar wayarin ta Gana ta 2011, mai lamba L.I. 2008, ta ɗora wa Hukumar Makamashi tantance masu wannan sana'a, kuma ana neman takardar gwaji kafin a haɗa sabon gini da wuta. Abin da ke damuna shi ne takardun da za ka ga layi takwas dukkansu da lambar Zs iri ɗaya, alhali tsawon wayoyinsu ya bambanta, abin da ke nuna a kan benci aka cike su. Ya kamata kowane layi ya zo da nasa awon, da samfurin birekarsa, da lambar na'urar da aka auna da ita, a kuma bayyana ko aunawa aka yi ko lissafi, tun da ginin da ba a haɗa masa wuta ba tukuna lissafi kawai za a iya yi masa, a koma a auna bayan an kafa mita.