Yaron da na tafa wa hannu

Ranar Talata ce ranar awo a ƙaramin asibitin da na fara aiki. Aikina bai wuce in rataya yaro a sikeli, in zagaya ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtsensa, in ɗiga alama a kati ba. Muddin damtse bai faɗa ja ba, wato bai gaza santimita 11.5 ba, kuma layin nauyi yana hawa, sai in ce wa uwa lafiya lau, ta saɓa goyonta ta tafi.

Abin da ya fi tayar wa iyaye mata hankali shi ne tafiya. Ɗan kishiya ya fara tatata yana wata goma, nata ya shekara har da wata biyu bai saki bango ba. A wannan ina da amsa, har ina ɗan yin fankama da ita. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka bi yara 816 a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ya nuna lafiyayyen yaro yana iya soma tafiya shi kaɗai tun daga wata takwas har kusan wata goma sha takwas. Zama kuwa daga kusan wata huɗu zuwa tara. Wasu ma, kamar huɗu cikin ɗari, ba sa rarrafe sam, daga zama sai tsayuwa. Na kwantar wa mata da yawa hankali da wannan, kuma daidai na yi. Matsalar ita ce bakina ya saba da "zai yi, kowane yaro da lokacinsa", har na riƙa faɗinsa inda bai dace ba.

Wata rana wata tsohuwa ta rako surukarta da yaro mai wata ashirin, kakkaura, yana ta gudu tsakanin bencina. Uwar ta ce a hankali, "Malama, har yau ko mama bai ce ba." Kafin in buɗe baki kakar ta karɓe: "Ubansa ma sai da ya kusa shekara uku, a gidanmu haka ake." Na zagaya bayansa na tafa hannu, ya waigo yana dariya. Na ce, "Iya, gaskiyarki, ai yana ji." Uwar ba ta ce komai ba, ta ɗauki katinta.

Bayan wata bakwai suka dawo da takarda daga babban asibiti: kunnuwan duka biyu ba sa ji sosai. Ashe ranar da na tafa, rana tana bayana, inuwata ya gani a ƙasa, ko iskar tafin ya ji a ƙeyarsa. Yaron da bai ji, idonsa ne kunnensa, komai ya gilma sai ya kama.

Da na zauna da uwar, abin da ban tambaya ba tun farko ya fito cikin minti biyar. Yana kwana huɗu idonsa ya yi ɗorawa, ya ƙi kama nono, aka ce shawara ce, aka riƙa shanya shi a hantsi ana ɗura masa jiƙo. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jijiyar ji tana cikin wuraren da take fara lalatawa. Mun karanta wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kansa ma. Ta kuma ce gwarancin da ya fara yana jariri ya yi ta raguwa har ya ɗauke, kuma idan ana daka a tsakar gida ba ya farkawa. Ta daɗe da sani. Wace ce ita da za ta ja da uwar miji a gaban mutane, ga kuma Malama mai farar riga ta goyi bayan tsohuwa?

Wata bakwai ba wasa ba ne a shekarun da harshe ke kafuwa, kuma ni na cinye masa su.

Yanzu kafin in ɗora yaro a sikeli nakan tambayi ko ya yi shawara, sanƙarau ko zazzaɓi mai jijjiga. Nakan tambayi ko yana waigowa in an kira sunansa daga wani ɗaki, ko yana nuna abu da yatsa, kalmomi nawa ya iya. In akwai kaka a wurin, nakan roƙe ta ta riƙe mana layi wajen rigakafi, in ja uwar gefe. Tafin hannu kuwa na daina. Wanda na yi shakka a kansa takarda nake rubuta masa zuwa inda ake gwajin ji da na'ura, ko da layi ya kai bakin ƙofa ana ta mita.