Layin Tabbatarwa Ya Faɗi Lamba, Kada Ya Yi Kame-kame

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a nan Jidda da Makka, ina so in ba ku labarin wani kuskure da na tafka, domin har yau idan na tuna da shi sai raina ya sosu.

A ranar 1 ga Yuli, 2020, Saudiyya ta ɗaga harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. A lokacin ni ke kula da manhajar fitar da rasit ta wani dattijo Bahaushe mai shagon turare. Na rubuta gwajin da zai duba ɓangaren lissafin manhajar da yaren rubuta manhaja na Python, na sa bayanan bogi su maye gurbin ma'ajiyar bayanai ta gaskiya, suna ba da farashin riyal 100 da harajin kashi 15. Amma a layin tabbatarwa, wato inda gwaji ke duba ko amsar da manhaja ta bayar daidai ce, sai na yi kasala, na rubuta assertTrue, umarnin da ke duba ko magana gaskiya ce kawai, cewa jimla ta fi farashi yawa. Gwaji ya wuce lafiya, na kwanta da kwanciyar hankali. Ashe tsohuwar lamba 5 tana nan maƙale a cikin lissafin, ba ya ma kallon abin da bayanan bogin suka ba shi, kuma tun da 105 ta fi 100, gwajin bai ga laifi ba. Sai da dattijon nan ya kira ni, ya ce, "Ɗana, rasit ɗinka da lissafina ba su daidaita ba," ya shimfiɗa takardun a kan kantar shagonsa, sannan na gane ɓarnar. Daga aljihunsa ya cike giɓin.

Saboda haka, idan kun san amsar da kuke jira, ku rubuta ta da hannunku: assertEqual, umarnin da ke duba ko lambobi biyu daidai suke, da 115, ba wata kwana-kwana. Idan gwajin bai wuce ba, zai nuna muku 105 a gefen 115, nan take ku san inda matsalar take. Kada kuma ku lissafo amsar da ake jira da lissafin manhajar da kuke gwadawa, domin mai laifi ba ya zama shaidar kansa.

Bayanan bogin ma ku zaɓe su da tunani. Riyal 100 cif yana ɓoye aibi. Ku sa 37.50, wanda harajinsa ya kama 5.625, ku ga yadda manhajar za ta yi da rabin halalar da ya rage (halala ɗari ke yin riyal ɗaya), sannan ku rubuta amsar da kuka yanke a layin tabbatarwa.