Dutin dare a watan Satumba

Jiya na yi dutin dare a wodin yara, wallahi har yanzu ƙafafuna zugi suke. Duk wanda ya san aikinmu ya san daga Agusta zuwa Oktoba maleriya ba ta ɗaga mana ƙafa, gado ɗaya yara biyu, iyaye mata a ƙasa kan tabarma.

Wajen ƙarfe biyu aka shigo da wata yarinya 'yar shekara uku tana jijjiga, tafin hannunta fari fat, jini ya yi ƙasa sosai. Neman jijiya a jikin yaron da ya kwana uku yana amai ba wasa ba ne, ga shi an ɗauke wuta janareta kuma sai a hankali, kakarta ce ta riƙe min fitilar waya hannunta na rawa tana cewa "'yar nan ki bi ta a sannu don Allah". Na ce Inna kwantar da hankalinki, haska min nan dai. Sai a karo na uku kanula, wato siririyar robar da ake sa wa a jijiya don ba da magani, ta shiga, a ƙafa. Muka yi mata artesunate, allurar maleriya mai tsanani, za a yi ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24, na rubuta ɓaro-ɓaro a fayil saboda masu karɓar duti. Baban kuma aka tura shi lab neman jini.

Ashe kwana ukun nan farasitamol ɗin kemis kawai ake ɗura mata. Har na buɗe baki zan yi faɗa, na kalli silifas ɗin uban da aka ɗinke da waya, na fasa.

Da asuba ta buɗe ido wai koko take so. Shayina kuwa yana filas tun ƙarfe goma, haka na dawo da shi gida.