Kada ku yage shafin da kuka soke

Ƙannena, idan kuna rubutu da biro sai wata jimla ta ƙi zama, ku ja mata layi ɗaya siriri ku ci gaba a ƙasanta. Kada ku dame ta da tawada har ta ƙi karantuwa, kada kuma ku yage shafin. Na daɗe ina yin akasin haka, kuma abin da na rasa ba zai dawo ba.

Lokacin da nake kamar ku, so nake littafina ya kasance tas, ba ko ɗigon kuskure. Da na ɓata kalma ɗaya sai in fizge shafin in sake kwafa. Wanda ya taɓa yin haka ya san abin da ke biyo baya: takardun littafi a haɗe suke biyu-biyu ta tsakiya, kana cire ta gaba, 'yar'uwarta ta baya ta saki, bayan kwana biyu ta zare ta faɗi da duk abin da ke kanta. Haka littattafaina suka yi ta ramewa. Waɗanda suka rage, idan na buɗe su yau, rubutu ne mai tsabta amma babu sawun tunani a cikinsa. Ina ganin inda na tsaya, ba na ganin hanyar da na bi na isa can. Sau da yawa kuwa jimlar da mutum ya soke da safe ita ce yake nema da yamma. A waya ko kwamfuta, abin da ka goge ya bar gaban idonka. Takarda tana ajiye maka shi, in ka bar ta.

Wannan son tsabtar ne ya sa na riƙa adana sabon littafi mai kyau ina jiran tunanin da ya cancance shi. Jiran bai haifi komai ba. Leonardo da Vinci, mai zanen nan ɗan Italiya da ya rasu a 1519, ya bar dubban shafuka na rubutun hannu, yawancinsu daga dama zuwa hagu, sai da madubi ake karanta su cikin sauƙi. A cikinsu akwai zanen fiffiken tsuntsu da yadda ruwa ke juyawa, akwai kuma jerin abin da zai saya da tambayoyin da yake so ya yi wa mutane. Bai ware wa manyan tunani wuri dabam ba. Ku ma ku buɗe shafin farko yau, ku rubuta abin da ke ranku ko bai taka kara ya karya ba.

Sai gaggawa, kuma ita ce ta fi cutar da ni. A aji nakan yi tsere da bakin malami, so nake kowace kalma ta shiga littafi. In fito da shafuka cike, kai kuwa wayam. A 2014 wasu masu bincike biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, suka gwada ɗalibai masu sauraron lacca. Masu bugawa a kwamfuta sun fi tara kalmomi, amma sun fi kwafar maganar yadda aka faɗe ta, masu rubutun hannu kuma suka fi su amsa tambayoyin da ke neman fahimta. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka ga bambanci a maki ba, amma batun kwafar ya sake fitowa. Dalilin a fili yake. Hannu ba ya iya kamo baki, dole mai biro ya zaɓa, ya taƙaita, ya faɗi abin da kalmominsa. A wannan zaɓen ne ake gane magana. Ni biro ne a hannuna, amma na hana kaina wannan amfanin saboda sauri. Jinkirin da nake ƙorafi a kai, ashe shi ne ribar.

Daɗin kuwa ba ya zuwa sai an sassauta. Kana tsakiyar jimla, hannu bai kai ƙarshenta ba, sai kalmar da ta fi dacewa ta iso da kanta, domin ka ba ta lokaci. Babu saƙon da zai faɗo a kan takarda ya ɗauke maka hankali, babu mai ƙarasa maka kalma tun ba ka yanke shawara ba.

Ku lura da riƙon alƙalami ma. Ni nakan danne biro har rubutun ya fito ta bayan shafi, yatsana na tsakiya ya yi kanta, wuyan hannu ya ɗau ciwo, sai in ce rubutu wahala ne. Tawadar biro mai kauri ce, irin mai saurin bushewa da László Bíró, ɗan jaridar ƙasar Hungary, ya nema lokacin da ya yi rajistar ƙirarsa ta biro a 1938, don haka tana son ɗan dannawa, amma kaɗan ya isa. Alƙalami mai shan tawada kuwa, bakinsa na taɓa takarda tawadar take gangarowa. Sai dai yawancin tawadarsa ruwa na wanke ta, kuma tana huda takarda marar kauri, saboda haka ku gwada a shafin ƙarshe kafin ku soma.

Ku sa kwanan wata a saman kowane shafi. Ina da rubuce-rubucen da nake ƙauna waɗanda ban san shekarar da na yi su ba, abin yana damuna har yanzu. Ku kuma bar fili a gefe, kamar faɗin yatsu biyu, domin za ku dawo bayan wata ko shekara da gyara ko da musu, kuma kuna buƙatar wurin rubuta shi kusa da tsohuwar maganar.