Gidan fiyus na jirgin Kawu a Madarunfa

Ni fa wutar mota nake gyarawa a nan Maradi, ban taɓa sa hannu a jirgin ruwa ba sai ranar da Kawu ya kira ni daga Madarunfa, wai suna tsakiyar tafki da dare fitilar kwale-kwalensa ta mutu, ga warin roba na tashi. Da safe na hau moto na tafi.

Ina buɗe gidan fiyus ɗin na ce innalillahi, duk ya yi kore da tsatsa, ramuka biyu daga ciki ma babu fiyus, silin waya wani ya murɗa a wurin, shi ya sa da aka samu shot, wato wayoyin wuta suka haɗu, wayar ce ta narke tun daga batir.

Na koma kasuwa na sayo sabon gida mai ramuka 6 da murfi, kuma nan na so in yi wauta, na kwaso masu kore ƴan amfiya 30 zalla wai don kar su riƙa ƙonewa su dami Kawu. Tsohon maigidana ya gani ya ce, kai yaro, fiyus ba fitila yake tsaro ba, waya yake tsaro, in ka sa 30 a kan waya mai milimita 1.5 da ba ta wuce amfiya 15 ba, wa zai fara ƙonewa? Na yi tsit.

Sai muka zauna lissafi, wat a raba da bolt a samu amfiya. Babbar fitila wat 55 ce, a bolt 12 ta ba da amfiya 4.6, ka ƙara mata kashi ɗaya cikin huɗu, na sa fiyus na 7.5 mai ruwan ƙasa. Ƙananan fitilu wat 24, amfiya 2 ke nan, na sa 3. Famfon kwashe ruwa ban yi masa lissafi ba, abin da aka rubuta a jikinsa na bi. Duka da wurin cajin waya sun kama amfiya 14, sai na ja waya mai milimita 4 daga batir, na sa babban fiyus na 20 daf da kan ja na batir, tazarar ba ta kai santimita 18 ba, don guntun da ke tsakani ba mai tsaronsa. Wayar tada inji kuwa ba ta bi ta gidan ba sam.

Abin da aikin mota bai koya mini ba shi ne danshi. Na fara ɗaura gidan a ƙasa inda hannu ke kaiwa da sauƙi, Kawu ya ce ɗana, nan fa ruwa ke kwana in an jawo taru. Dole na kwance, na sake cire kan baƙi na batir, na mai da gidan sama ƙarƙashin benci, wayoyin na shigowa ta ƙasa don ruwa ya ɗiga kafin ya kai ciki, na shafa giris a bakuna.

Na bar masa fiyus na ajiya a kwalbar magani, ya cika mini leda da tarwaɗa.