Rayuwar Anders Sandvig, Kashi na 3: Yadda Ake Ɗauke Gida Sukutum

A makon jiya mun tsaya inda Sandvig, likitan haƙori ɗan ƙauyen Bud, ya iso garin Lillehammer na ƙasar Norwe a 1885 da tarin fuka a ƙirjinsa, ana ganin kwanansa ya kusa ƙarewa. Allah bai nufa ba. Ya warke, ya riƙa zaga kwarin Gudbrandsdal yana cire wa manoma haƙori, yana sayen tsofaffin kayan da suka daina so.

A 1894 ya sayi gida ɗungurungum, mai suna Løkrestua, daga yankin Skjåk na wannan kwarin, ya kafa shi a farfajiyar gidansa.

Abin ba tsafi ba ne. Gidan manomin Norwe gumagumai ne aka jera kwance, wani kan wani, an sassaƙe bakin kowanne ya hau ɗan'uwansa a kusurwa. Ba ƙusa ke riƙe bangon ba, nauyi ne. Kafin a taɓa komai sai an sa wa kowane gungume lamba da alamar bangonsa, domin kowanne an sassaƙa cikinsa daidai da bayan na ƙasansa. Aka musanya biyu, iska ta sami ƙofa. Daga sama ake warwarewa. Jigila kuwa sai hunturu, lokacin da dawaki ke jan kaya a kan dusar ƙanƙara ba tare da laka ta riƙe su ba.

Wajen sake ginawa ake gane gwani. Gungumen ƙasa kan duwatsu ake ɗora shi, don da ya taɓa ƙasa zai sha danshi ya ruɓe, bango ya karkace. Tsakanin gumagumai ana cusa gansakuka. Saman ƙofa da taga ana barin 'yar tazara, saboda bangon yana zama a hankali, in babu wurin sauka sai ƙofa ta cije.

Ciyawar da ke kan rufin irin waɗannan gidaje, wadda baƙi ke ɗauka hoto, ba ita ke tare ruwa ba. Ɓawon bishiyar bjørk, wata bishiya mai farin ɓawo, ne a ƙarƙashi, shimfiɗa shida ko fiye, ana farawa daga bakin rufi zuwa sama. Sai yankakkiyar ƙasa mai ciyawa hawa biyu: na farko ciyawa na kallon ƙasa, na biyu tana kallon sama. Aikinta danne ɓawon da riƙe ɗumi. In aka bar tsiron itace ya yi saiwa a kai, ya huda ɓawon, yoyo ya fara.

Sandvig ya ci gaba da sayen gidaje har suka yi wa farfajiyarsa yawa. A 1904 aka mayar da su tudun Maihaugen da ke Lillehammer, wanda ya zama gidan tarihi, inda yau akwai gine-gine kusan 200.

Mako mai zuwa: cocin katako na ƙauyen Garmo, wanda aka rushe a 1880, aka yi gwanjon katakonsa, da yadda ya sake tsayawa a Maihaugen a 1921.